Yadda Na Mayar wa Tsohuwar Bas Gilasanta da Sabuwar Roba

Motar da nake farfaɗowa bas ce ƙirar Volkswagen Type 2, zubi na biyu, irin wanda aka ƙera a Jamus daga 1967 zuwa 1979. Ita ce mai gilashin gaba guda ɗaya mai ɗan lanƙwasa, ba irin zubin farko na 1950 ba, mai gilashin gaba biyu da ƙarfe a tsakaninsu. Duk gilasanta da ba sa buɗewa, babu gam a jikinsu, babu ƙusa. Roba ce kaɗai ke riƙe da su, zobe guda mai kwari biyu: kwari ɗaya ya ciji gefen gilashi, ɗayan ya ciji bakin ƙarfen taga. Motocin yanzu manna musu gilashi ake yi da gam mai ƙarfi, don haka ba kowane mai sa gilashi ne hannunsa ya saba da wannan tsohuwar hanya ba. Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki aikin da kaina ba. So nake na ga abin da ke ƙarƙashin robar da idona, tun kafin wani ya rufe shi da sabuwa.

Tsohuwar robar ta bushe ta zama kamar ƙirgi. In ka danna ta da farce ba ta lotsawa, kuma duk ta yi ƙananan tsage-tsage, musamman a kusurwoyi inda aka ja ta ta lanƙwashe. Rana da iska ne ke yi mata haka a hankali. Da zarar ta bushe sai ta tsuke, leɓenta na waje ya ɗaga daga jikin fenti, ruwan sama ya samu hanya. Ruwan kuwa ba ya wucewa. Gangarawa yake ya taru a ƙasan taga, a cikin kwarin robar, ya kwanta a kan ƙarfe inda rana ba ta kaiwa. Shi ya sa wannan ƙirar ta yi suna wajen ruɓewar kusurwoyin ƙasa na gilashin gaba. Daga waje za ka ga fenti ya ɗan kumbura a gefen roba, ka ce abu kaɗan ne. Ba kaɗan ba ne.

Kafin na taɓa komai, na bi gilasan ɗaya bayan ɗaya na manna wa kowanne tef a fuskarsa ta waje, na rubuta ko na wace taga ne, da inda samansa yake. Gilasan gefe suna kama da juna ƙwarai, kuma da zarar ka jingine su a bango ka juya baya, ba za ka sake gane na hagu da na dama ba.

Wajen cirewa ban yi wa tsohuwar roba tattali ba, yanka ta na yi. Na sa sabuwar reza a wuƙar yankan kwali, na bi leɓen da ya rufe gilashin daga waje na yanke shi zagaye, har gefen gilashin ya bayyana. Sannan na shiga ciki na tura da tafin hannu a hankali, ƙanena yana waje ya tare. Akwai masu sa sukudireba su ɓanɓare, don su tsira da robar. Ban ga amfanin tsira da abin da ya mutu ba, ga shi kuma haɗarin na kan gilashi. Gilasan gefe irin waɗanda aka gasa ne don su yi ƙarfi. Fuskarsu tana jure bugu, amma gefensu ba ya son ƙarfe ko kaɗan. Ɗan ɓalli guda ya isa gilashin duka ya tarwatse ya zama tsakuwa. Kuma irinsa ba ya yankuwa bayan an gasa shi, ba za ka ce a rage maka wani ka sa a madadinsa ba. Gilashin gaba na motata kuwa mai ninki biyu ne da siririyar leda a tsakiya. Shi ba ya tarwatsewa, amma in ya sha murɗa ko aka danne shi a wuri guda, sai tsaga ta ratsa shi. Kowanne da irin lallashin da yake so. Na shimfiɗa tsohon bargo a kan tebur, duk wanda ya fito nan yake kwanciya.

Abin da na gani bayan gilasan sun fita shi ne ainihin aikin. Bakin tagar nan ƙarfe ne falle biyu da aka haɗa da ɗigon walda, ya tsaya siriri zagaye da taga. A tagogin gefe tsatsar a sama-sama take, burushin waya da sanfefa suka ɗauke ta. A kusurwar hagu ta gilashin gaba kuwa, da na kankare sai ga rami, yatsa yana shiga. Babu robar da za ta toshe wannan, komai tsadarta. Mai walda ya yanke wurin, ya sa sabon ƙarfe, ni kuma na tsaya a kansa kan abu biyu. Na farko, a goge waldar ta kwanta daidai da sauran bakin, domin kwarin robar an yi shi ne daidai kaurin falle biyun nan. In wuri ya yi kauri, robar ba za ta rufe ba, in ya yi kaifi, zai yanka ta. Na biyu, a gwada gilashin a ramin tagar tun kafin a yi fenti. Mun ɗaga shi mu biyu, muka saita shi ba roba, muka duba tazarar da ke tsakaninsa da ƙarfe ko ta yi daidai ko'ina. A wurin da aka yi walda ta ɗan matse, aka sake gyarawa. Da sai bayan fenti aka gano haka, da an yi asarar fentin.

Haka kuma na roƙi mai fenti kada ya lafta hodar cike lotsa a bakin taga. Ana yin haka don wuri ya yi sumul, amma tana ƙara kauri, kuma tana shan ruwa in ya same ta. Fentin hana tsatsa aka fara sawa a kan ƙarfe tsirara, sannan launi. Daga nan sai jira. Fenti yakan bushe a ido alhali cikinsa da sauran laushi, kuma igiyar da za a ja a bakin nan wajen sa gilashi tana da gurza. Na bar motar ta zauna babu gilashi, lulluɓe da leda, har fentin ya yi tauri sosai.

A wannan zaman jiran ne na nemi roba. Abu na farko da ya kamata mutum ya tabbatar shi ne irin tagar motarsa. Akwai waɗanda suka fito daga kamfani da tagoginsu, bakin tagar a lotse yake ciki. Akwai kuma waɗanda asalinsu motar kaya ce rufaffiya, daga baya wani ya yanka mata tagogi a jikin bodi. Robar waɗannan daban, ta waɗancan daban. Na biyu, batun ado: wasu robobin suna da ƙarin siririn kwari a fuskarsu ta waje, inda ake zura sanda mai ƙyalli, wasu kuma baƙi ne sumul. In ka sayi mai kwarin ado, dole ka sa adon, domin shi ke cika kwarin ya sa robar ta tsaya da ƙarfinta. Motata da adonta ta zo, na kuma so ta koma yadda take.

Robar kirki a yanzu ana yin ta ne da wani nau'i da ake kira EPDM, mai jure rana da iska fiye da robar da. Sai dai ba ta shiri da man da aka samo daga fetur. Baƙin mai, giris, kananzir, duk suna sa ta kumbura ta yi laushi. Na faɗi haka ne domin a wajen gyaran mota hannu yakan kai ga giris da zarar abu ya ƙi shiga. Na sayi kashin farko a wurin wani mai sayarwa, da na buɗe sai na ga kusurwoyin ba a zuba su a lanƙwashe ba, doguwar roba ce aka yanka aka haɗa bakinta da gam. Na gwada ɗaya a gilashi, kusurwar ta tattare ta yi baki. Na mayar masa da kayansa, na nemi waɗanda aka ƙera da siffar tagar. In ka riƙe su a hannu ma za ka ji bambanci: mai kyau tana da laushi, in ka lanƙwasa ta ka saki sai ta koma yadda take nan take.

Ranar sawa na fara da tagar gefe ta tsakiya, domin gilashinta shimfiɗaɗɗe ne, kuma girmansa bai wuce hannu ba. Na shanya robar a rana ta ɗan yi ɗumi. Na wanke gefen gilashin, na kankare ragowar tsohuwar roba da datti da reza a kwance. Sannan na fara sanya robar a gilashi, kusurwoyi huɗu tukuna, daga baya tsakiya, don kada jan ya taru a gefe ɗaya. Wurin haɗin robar na sa shi a sama, a tsakiya, tunda ruwa ƙasa yake taruwa. Wannan matakin yana cin yatsu. Kana sa nan, can yana fita. Guntayen tef da na riƙa ɗaure duk inda na gama su suka taimake ni.

Adon mai ƙyalli yanzu ne lokacinsa, gilashi yana kan tebur. In gilashi ya riga ya hau mota, robar ta matse, kwarin ya rufe, ba zai shiga ba sai dai ka lalata shi. Na shafa ruwan sabulu a kwarin, na buɗe shi da tsinken roba, na riƙa danna sandar kaɗan-kaɗan. Ba ta da ƙarfi, in ta lanƙwashe kuma ba ta komawa sumul, don haka ban yi mata gaggawa ba.

Sai igiya. Igiyar nailan na yi amfani da ita, mai santsi, kaurinta kamar milimita 4. Siririya ƙwarai takan yanka leɓen roba, mai kauri kuma takan maƙale. Na cire bututun biro, na zura igiyar ta cikinsa, na sa bakin bututun a kwarin da zai ciji ƙarfe, na ja shi zagaye yana ajiye igiyar a ciki. Na fara daga ƙasa a tsakiya, na zagayo na dawo, na bar bakunan biyu suka haye juna da kamar tsawon tafin hannu, sauran kuma na manne su da tef a fuskar gilashi ta ciki don kada su faɗa waje. Kowane baki na ɗaura masa guntun katako, abin riƙewa. Akwai masu farawa daga sama. Ni na fi son ƙasa, domin nauyin gilashin da kansa yana taimaka wa robar ta zauna a kan bakin ƙarfe, kuma in ƙasa ta zauna daidai, sauran na biyo ta.

Kafin a ɗaga gilashi akwai abin dubawa a cikin mota. Ƙyallen rufin ciki da na ginshiƙai, bakinsa yana naɗowa ne a kan ƙarfen taga, robar ta danne shi. Dole a manne shi sosai, a kuma rage shi kada ya zarce zuwa waje, domin in ya leƙa waje zai riƙa tsotso ruwa yana kawowa ciki. Na bi shi da gam, na jira ya kama.

Muka shafa ruwan sabulu a leɓen robar da bakin ƙarfen. Ƙanena ya ɗauki gilashin daga waje, ya ɗora ƙasansa a kan bakin taga, muka duba tazarar hagu da dama ta yi daidai. Wannan dubawar ba ta ɗaukar minti guda, amma in aka tsallake ta, sai ka kai kusurwar ƙarshe ka tarar gefe ɗaya ya cushe, ɗayan kuma da gibi.

Na shiga ciki, na kama bakin igiya ɗaya na fara ja. Ba a janta zuwa ƙirjinka. Ana janta ne zuwa tsakiyar gilashi, tana kwance kusa da fuskarsa, ta yadda za ta ɗago leɓen robar ta tsallakar da shi kan ƙarfe ya kifu ta ciki. Na ja kamar taƙi ɗaya ta dama, na koma na ja taƙi ɗaya ta hagu. Shi kuma yana bin inda nake da tafin hannu a buɗe, yana dannawa ciki da ƙasa.

Ya ce, "Yaya, in ƙara ƙarfi?"

Na ce, "A'a, riƙe yadda kake. Bi hannuna kawai, kada ka riga ni."

Wannan shi ne abin da mai taimako ya fi buƙatar ji. In ya danna gaban igiya, ya matse leɓen a jikin ƙarfe, igiyar ba za ta iya ɗago shi ba. In ya saki, gilashin ya ja baya, leɓen da ya riga ya hau ya zame. Wurinsa yana daidai kan igiyar, ko ɗan bayanta.

Kusurwa ita ce wurin da roba ke yagewa. A nan igiya takan yi nauyi a hannu, zuciya kuma ta ce ka fizga. Na tsaya, na ƙara ruwan sabulu, na riƙa juya igiyar a ƙananan da'irori ina ja a hankali, leɓen yana hawa kaɗan-kaɗan har ya zagaye. Da ƙasa da kusurwoyinta biyu suka zauna, na ce masa ya daddaɓa gilashin da tafin hannu yana tura shi ƙasa, don ya sauka sosai a kan bakin ƙarfe. In bai sauka ba, sama ba za ta samu wurin shiga ba. Daga nan na haura gefe biyun bi da bi, na ci kusurwoyin sama, igiyar ta fita a tsakiya. Ana jin lokacin da gilashi ya faɗa mazauninsa, ƙarar dabɓawar ma canzawa take. Na fita na bi leɓen waje da tsinken roba, duk inda ya naɗe ciki na fito da shi ya kwanta a kan fenti.

Jan igiyar duka bai wuce 'yan mintoci ba. Sauran tagogin gefe da na ƙofar baya haka suka bi, hannu yana ƙara sabawa.

Gilashin gaba na bari a ƙarshe, kuma na nemo mutum na uku, domin a samu hannu a kowane gefe. Faɗinsa da lanƙwasarsa sun sa in mutum ɗaya ya danna dama, hagu sai ya ɗaga. Na gargaɗe su tun kafin a ɗaga: babu dunƙule hannu, babu bugu da ƙarfi, babu danna tsakiya. Na cire hannayen waifa, na rufe gaban mota da bargo. A nan na fi yin a hankali, ina jan abin da bai kai taƙi ba kafin na koma ɗaya gefen. Da muka iso kusurwar da aka yi wa walda, sai na ji igiyar ta wuce ba tare da ta maƙale ba, leɓen ya kifu sumul. Gaskiya na ji daɗin wannan fiye da komai a aikin, domin a nan ne gogewar da gwajin da aka yi makonni a baya suka nuna amfaninsu. Kusurwar sama ta dama ce ta ɗan yi gardama. Muka tsaya, suka tura gilashin ƙasa da tafin hannu su biyu a tare, wuri ya samu, ta shige.

Batun gam a ƙarƙashin roba, ra'ayi ya bambanta. Wasu na cewa sabuwar roba a kan lafiyayyen ƙarfe ba ta buƙatar komai, kuma a tagogin gefe na yarda da su, ban sa ba. A gilashin gaba kuwa, tunda ƙarfen ya sha gyara, na ɗaga leɓen waje na zura siririn layin abin toshewa irin wanda ba ya daskarewa, a sama da gefe biyu har zuwa kusurwoyin ƙasa. Abu biyu na guje wa. Silikon na gida mai warin tsami yana fitar da asid lokacin bushewa, wanda ke tayar da tsatsa a kan ƙarfe, kuma fenti ba ya kama inda ya taɓa. Gam ɗin manna gilashin motocin zamani kuma zai haɗe roba da bodi, ranar da za a sake cire gilashin sai an yi ɓarna. Wannan motar ta riga ta shekara hamsin da wani abu, ina fata wani zai sake canza mata roba nan gaba, bai kamata na ɗaure masa hannu ba.

Ga mai gyaran manyan bas na da kuwa, sau da yawa hanyar ba ta igiya ba ce. Robarsu a mita ake sayarwa, ana zaɓenta bisa kaurin gilashi da kaurin bodi. Ita ake fara sawa a bakin taga, a yanke ta da ɗan rara kamar santimita 2, a cusa bakunan su tokare juna, domin roba tana tsukewa da shekaru, in an yanke ta cif-cif sai gibi ya buɗe. Sannan a zura gilashi a kwarinsa, a ƙarshe a sa wata siririyar robar kulle a kwari na uku da wani ɗan ƙarfe mai ido, ita ce ke buɗa robar ta ciji gilashi da bodi. Haɗin robar kulle ba a barinsa ya faɗa wuri ɗaya da haɗin babbar. Amma gyaran bakin ƙarfe da gudun giris duk ɗaya ne.

Na bar motar ta kwana biyu robar ta saki jiki, sannan muka yi gwajin ruwa. Ban sa ruwa mai ƙarfi ba, tiyo kawai a buɗe, yana zuba kamar ruwan sama. Muka fara daga ƙasan kowace taga muna haurawa, domin in ka fara daga sama, ruwan zai gangaro ba za ka san ta inda ya shiga ba. Ina ciki da tocila da takardar goge hannu, ina bin leɓen ciki ina dannawa. Tagogin gefe duk suka fito a bushe. A gilashin ƙofar baya takardar ta jiƙe a kusurwar ƙasa ta hagu. Da na duba daga waje, leɓen ya ɗan naɗe a wurin, tsawon da bai kai gaɓar yatsa ba. Na fito da shi da tsinken roba, na busar da wurin, muka sake zuba ruwa, bai ƙara shiga ba.

Abin da ya rage yanzu gilasan ƙofofin gaba ne masu hawa da sauka, da ƙananan masu juyawa da ke gabansu. Masu hawa da saukar ba zoben roba ke riƙe da su ba, hanya ce mai gashi-gashi da suke gudu a ciki, da robar da ke share ruwa a bakin ƙofa. Ruwa kan shiga cikin ƙofar ko da komai sabo ne, don haka kafin na sa sabbin, sai na buɗe ramukan da ke ƙasan ƙofa inda yake fita, waɗanda na tarar laka da tsatsa sun toshe.